Yadda aka farfaɗo da wani tsohon keken Rale a Gombe

Keken da wannan nazari ya shafa baƙin Raleigh ne, wanda mutanenmu ke kira Rale, mai birkin sanda da taya mai lamba 28, kuma ya shafe fiye da shekara ashirin a jingine cikin wani ɗakin ajiya a unguwar Jekadafari kafin a fito da shi. Mai shi malamin firamare ne da ya yi ritaya, wanda muka taɓa koyarwa a makaranta ɗaya, kuma a nan zan riƙa kiransa Malam kawai. An fara aikin bayan ɗaukewar damina a shekarar 2023, aka kammala shi gab da azumin 2024, wato kimanin wata biyar, kuma na halarci yawancin zaman da aka yi a kansa saboda ni ne nake ɗaukar Malam a kan babur zuwa kasuwa.

Mahaifin Malam, wanda malamin gona ne, shi ya sayi keken a 1975 da kuɗin ariyas na Udoji, ƙarin albashin nan da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi wa ma'aikata, wanda ya sa kekuna da babura da rediyoyi suka yi ta shiga gidajen ma'aikata a faɗin ƙasar. A lokacin Gombe tana cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, domin sai a 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, ita kuwa Jihar Gombe sai a 1996. A kan wannan keke marigayin ya riƙa zagaya ƙauyukan da ke wajen Kwami yana duba gonakin auduga, a zamanin da audugar yankin take cika injin gurza na BCGA, kamfanin auduga na Turawan Ingila, wanda har yau wata unguwa a garin take amsa sunansa. A goshin keken akwai tambarin kamfanin mai siffar kan zalɓe tare da sunan Nottingham, birnin Ingila da aka kafa kamfanin, kuma a jikin aksul ɗin gaba an ɗaure wata 'yar lambar kwano ta lasin keke, irin wadda hukuma take sayarwa kowace shekara a wancan zamani, duk ta yi tsatsa amma ana iya karanta ta.

Da aka fito da shi tsakar gida, maƙwabta sun ɗauka tsadar fetur ce ta tuna wa Malam da keken mahaifinsa, tunda a watan Mayun 2023 aka janye tallafin mai, mutane da yawa kuma suka koma neman kekunan da suka jingine. Da haka ne nufinsa, da aikin bai wuce yini biyu ba: a sa sabuwar taya da tib, a canza sarƙa, a ɗiga baƙin mai, a hau. Abin da Malam yake so shi ne keken ya koma kamannin da ya san shi da su yana yaro, da kayansa na asali gwargwadon yadda za a iya ceto su, kuma duk wahalar da aka sha daga baya ta samo asali ne daga tazarar da ke tsakanin wannan buri da abin da masu gyaran keke suka saba ji idan an ce musu a gyara. Mai gyara na bakin titi yana aiki ne domin mai keke ya hau ya tafi yau, saboda haka guduma da walda da kayan da ke kusa su ne abokan aikinsa, kuma ban ga laifinsa a kan haka ba, domin abin da ake biyansa ya yi ke nan.

Masu gyara biyu na farko da muka je wurinsu matasa ne da suka ƙware a kan kekunan gwanjo masu giya da birkin waya, kuma dukansu shawara ɗaya suka bayar, cewa a zubar da ƙafafun da birkin sandan a sa na zamani. Na biyun ne ya yi mana kwatancen wani dattijo a gefen Tsohuwar Kasuwa, wanda ya fara koyon sana'ar tun lokacin da ake sauke kekunan Raleigh a kwali daga Kano, inda kamfanin yake da masana'anta a lokacin, ana ɗaura su a rumfa. Mun same shi a ƙarƙashin wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi rataye a sama, yana yi wa wani yaro faci. Bai ce komai ba sai da ya gama, sannan ya zagaya keken sau biyu, ya ƙwanƙwasa bututun ƙasa da bayan sifana yana saurare.

"Malam, hawa kake so ko ajiya?"

"Baba, duka biyun nake so, amma kada a cire masa abin da ya zo da shi sai in ya mutu murus."

"To, ba aikin gaggawa ba ne. In kana sauri, ɗauki abinka."

Abu na farko da Baba ya duba shi ne ko gangar jikin keken a miƙe take, domin idan ta karkace duk kuɗin da za a kashe asara ne. Ya cire ƙafar baya, ya ɗaura zaren ɗinki a bakin ramin da aksul yake zama ta hagu, ya ja shi ya zagayo ta wuyan keken, ya dawo da shi ya ɗaure ta dama, sannan ya sa tsinken tsintsiya ya auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi a kowane ɓangare. Tazarar ta zo daidai, kuma ƙarar da bututun suka yi ta nuna masa tsatsa ba ta ci su ta ciki ba. Ya kuma nuna mana mahaɗan bututun, inda aka zura kowane bututu cikin wata 'yar riga ta ƙarfe aka narka tagulla ta shiga tsakaninsu ta riƙe, ya ce irin wannan haɗi ba a kai shi wurin mai waldar lantarki, saboda bututun siriri ne, wutar tana huda shi ko ta raunana shi a gefen ɗinkin.

Kwance keken ya ɗauki mako biyu, yawancinsu kuwa jira ne, domin kowane noti sai da aka jiƙa shi da kananzir aka bar shi ya kwana. Inda na fara fahimtar hannun dattijon shi ne wajen cire kota, 'yar kusar nan mai gefe ɗaya a fiƙe wadda take riƙe hannun feda a jikin aksul ɗin tsakiya. Yaron shagonsa ya ɗauko guduma zai fara bugu, Baba ya riƙe masa hannu. Ya sassauta notin kotar har ya zo daidai da bakin zaren kotar, wato layukan da noti yake bi, domin kada bugu ya tauye shi, ya kafa guntun bututun famfo daga ƙasa ya tokare hannun fedar yadda nauyin bugun zai sauka a ƙasa maimakon ya sauka a kan boris, sannan ya yi bugu ɗaya mai ƙarfi. Ta dama ta fita nan take. Ta hagu kuwa wani ya riga ya daddake ta a shekarun baya har kanta ya baje, sai da aka huda ta da injin huji, aka yini a kanta.

Da hannun fedar hagu ya fita ne babbar matsalar keken ta bayyana. Aksul ɗin tsakiya yana juyawa ne a kan boris tsakanin kofuna biyu na ƙarfe da ake murzawa cikin gidansu, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma kofin hagun da muka tarar ba na Raleigh ba ne, a karkace ma yake zaune, an kuma ɗiga masa walda a wuri biyu domin kada ya kwance. Dalilin wannan aika-aika sananne ne ga duk wanda ya daɗe da irin waɗannan kekuna. A wancan zamani kamfanin Raleigh na Nottingham yana yanka zaren kofunansa da na wuyan keke layi 26 a kowane inci, alhali yawancin sauran kamfanoni suna bin ma'aunin layi 24, faɗin ramin kuma kusan ɗaya ne, saboda haka baƙon kofi yakan shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya kafin ya cije. Wanda bai san dalilin cijewar ba sai ya ɗauka tsatsa ce, ya ƙara wa sifana tsawo da bututu ya danna, kofin ya shiga yana cinye zaren gidan. Malam ya tuna cewa a ƙarshen shekarun 1990 wani ƙaninsa ya riƙa ɗaukar buhunan masara da keken, kuma a lokacin ne aka kai shi gyara na ƙarshe, lokacin da kayan Phoenix na ƙasar Sin da na Hero na Indiya suka cika kasuwa, na Raleigh kuwa suka yi wuya.

An tattauna hanyoyi uku. Yaron shagon ya ce a mayar da baƙon kofin a ƙara walda, tunda a haka keken ya yi shekaru yana aiki. Wani mai sayar da kayan keke a Babbar Kasuwa ya ce a kai wa masu injin yankan ƙarfe su sake yanka zaren gidan zuwa 24, ta yadda kowane kofin kasuwa zai shiga. Wannan shawara tana da ma'ana ga wanda hawa kawai yake so, sai dai yanka sabon zare a kan tsohon da ya riga ya ji rauni yana barin ƙarfe kaɗan da zai riƙe kofin, kuma in an yi ba a komawa. Baba ya zaɓi ta uku, wadda ta fi cin lokaci: a nemo mataccen Rale a ciro kofunansa. Mako uku muka yi muna bin 'yan gwangwan, waɗanda suke sayen tsofaffin kekuna a kan nauyi su sassare su a loda a mota, kuma sau biyu muna isa bayan an riga an kwashe. A ƙarshe wani daga cikinsu ya kira Malam ya ce an kawo masa gangar jiki biyu daga wajen Kumo, ɗaya ta karye a wuya, ɗaya wuta ta taɓa ta. Malam ya saye su duka a kan kuɗin da bai kai na sabuwar taya ɗaya ba.

Abin da Baba ya yi da su ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla. Ya goge ɗigon waldar da zarton ƙarfe a hankali har baƙon kofin ya fita, ya wanke ramin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, sai ga shi layuka huɗu ko biyar na bakin ramin sun kwanta, amma na can ciki suna nan da ransu. Ya ɗauki kofin hagu na keken da ya ƙone, ya yi masa tsaga uku a tsaye a kan zaren da dutsen wasa, yadda bakin kowace tsaga ya zama kamar haƙori, ya shafa masa mai, ya fara murza shi cikin ramin da yatsu kawai. In ya shiga rabin zagaye sai ya dawo da shi baya, ya hure garin ƙarfen, ya sake. Bai taɓa sifana ba sai da kofin ya kama lafiyayyun layukan ciki ya miƙe da kansa, kuma aikin ya ci daga hantsi har la'asar. Bayan nan ya ɗauko ɗaya kofin, na keken da ya karye, wanda cikinsa yake sumul babu rami, ya murza shi ya shige har ƙarshe ba tare da gardama ba. Kofin dama kuwa, wanda zarensa na hagu ne, wato ana ɗaure shi ta inda ake kwance sauran notuna, bai cire shi ba sam, ya wanke shi a inda yake, yana cewa abin da ya shekara kusan hamsin a zaune lafiya ba a tashinsa don a gaishe shi.

Boris duka sababbi aka sa, domin suna da arha kuma tsofaffin sun yi tabo. Baba ya ƙirga su a tafin hannu yana manna su cikin giris: goma sha ɗaya-ɗaya masu kwatan inci a kowane kofin tsakiya, tara-tara irinsu a ƙafar baya, goma-goma ƙanana a ƙafar gaba, da ashirin da biyar-biyar 'yan mitsi-mitsi a sama da ƙasan wuya. Sarƙa ma sabuwa ce, haka tayoyi da tib da robobin birki, kuma Malam bai yi jayayya a kan ko ɗaya ba, tunda kaya ne da tun asali an yi su domin su ƙare a canza.

Ƙafafun sun ba da tasu wahalar. Tsohon tsarin Ingila shi ne sifok 32 a gaba da 40 a baya, saboda baya ce take ɗaukar nauyi, kuma haka wannan keke yake. Sifok ɗin duk sun ci tsatsa sun ƙi juyawa, aka yanke su aka saƙa sababbi a kan rim da cibiya na asali. Dalilin da ya sa aka daɗe a nan shi ne yanayin birkin sanda, wanda yake jan robobinsa sama su dafe cikin rim ta ɓangaren da sifok suke, maimakon su matse gefensa kamar birkin waya. Saboda haka bai isa a ce ƙafa ba ta lilo hagu da dama ba, dole ne ta zama da'ira sosai, in ba haka ba birkin zai riƙa kamawa yana saki, keken yana fizga. Baba ya kife keken, ya riƙe alli kusa da rim yana juya ƙafar, duk inda allin ya taɓa ya san nan ne tudu, sai ya ɗaure sifok na wurin kwatan zagaye ya sassauta na maƙwabtansu. Ta gaba ta daidaita. Ta baya tana da wani ɗan lotsawa da buhunan masarar nan suka bar mata, wanda ya ragu amma bai ɓace ba.

Asara ɗaya da aka yi a aikin nan, wadda ba ta da magani, ta faru ne a wajen fenti, kuma ba a rumfar Baba ba. Fentin asali baƙi ne mai kauri da siraran layukan ruwan zinariya a kan madigadi da gidan sarƙa, kuma ko da yake ya dushe, layukan suna nan ana ganinsu. Madigadin baya ya lotsa a wuri biyu, sai Malam ya ba ɗansa shi tare da na gaba da gidan sarƙar ya kai wa wani mai gyaran jikin mota ya buga lotsawar, ya ce masa kawai a gyara su. Bayan kwana uku kayan suka dawo suna ƙyalli kamar sabuwar mota: mutumin ya buga lotsawar da kyau, sannan don kyautatawa ya bi su da samfefa har ƙarfe, ya fesa musu sabon baƙin fenti, layukan zinariyar da rubutun kamfanin da ke jikin gidan sarƙar duk sun tafi. Malam ya yi shiru na tsawon lokaci, sannan ya biya kuɗin aikin bai ce uffan ba. A ganina rabin laifin nasa ne, kuma shi ma ya amsa haka daga baya, domin ya yi wa Baba bayanin abin da yake so filla-filla, amma ya aika yaro wurin wanda bai taɓa jin an kawo tsohon fenti ana so a bar shi ba.

Wannan ne ya yanke hukunci a kan gangar jikin. Ɗan Malam ya so a fesa mata fenti ita ma domin launin ya zo ɗaya, Malam ya ƙi. An wanke ta da ruwan sabulu, aka goge wuraren tsatsa da soson ƙarfe mai laushi da ɗan man inji, aka bi ta da man goge mota, sai baƙin ya fito da wani zurfi da sabon fentin ba shi da shi, ragowar layukan zinariya kuma suka bayyana a bututun sirdi. Kan keken da sandunan birki an goge su haka nan, ƙananan notuna kuwa an kwana da su cikin ruwan tsamiya, aka ɗauraye aka shafa musu mai nan take kafin tsatsa ta dawo. Fatar sirdin ta bushe ta tsage, amma ƙarfensa da sifirin ɗinsa lafiya lau suke, saboda haka wani baduku ya jiƙa ƙirgi mai kauri ya ɗora a kai ya bar shi ya bushe da siffar tsohon, ya kafe shi da ƙusoshin tagulla. Lambar lasin an mayar da ita inda take ba a goge ta ba.

Da aka haɗa lissafi, abin da Malam ya kashe ya zarce kuɗin keken gwanjo mai giya a kasuwa, ban da man babur ɗina da ba a sa a lissafi ba, kuma kaso mafi ƙanƙanta a ciki shi ne ladan Baba, wanda ya ƙi faɗin farashi, ya ce a ba shi ragowar gangar jikin nan biyu da abin da ya sawwaƙa. Ranar gwaji Malam ya hau daga bakin rumfar ya nufi hanyar Tashar Dukku ya dawo. Keken yana da nauyi wajen tashi, amma in ya ɗauki hanya yana tafiya a miƙe ba ƙara, sai 'yar ƙas-ƙas ɗin firiwil idan an daina taka feda. Baba ya gargaɗe shi cewa birkin sanda a kan rim na ƙarfe ba ya kamawa sosai in ruwa ya jiƙa shi, don haka ya yi hattara da gangaren garin idan damina ta faɗi, ya kuma dawo bayan mako biyu a ƙara buga kotocin, domin sababbi sukan zauna su yi sako-sako.

Yanzu Malam yana hawansa zuwa masallacin Juma'a da wurin karɓar fansho, kuma duk wanda ya matso kusa yana iya ganin bambancin baƙin madigadi da na gangar jiki. Birkin baya har yanzu yana ɗan fizga sau ɗaya a kowane zagaye, a daidai wurin lotsawar nan. Malam ya bar lambar wayarsa wurin 'yan gwangwan uku, da saƙon cewa duk ranar da aka kawo musu rim ɗin baya na Rale mai huji 40 kada su sare shi sai sun kira shi.